Tuwo Ke Cika Ciki, Miya Ke Gina Jiki

A yawancin gidajenmu na Jos, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo da Rikkos, ma'aunin abinci guda ɗaya ne: an ɗora tukunyar tuwo ko ta shinkafa, ko kuwa ba a ɗora ba. Mutum zai ci dafaffen ƙwai biyu da ayaba da gyaɗa, ya kora da kindirmo, amma in ka tambaye shi sai ya ce rabonsa da abinci tun jiya. Wani kuma ya tashi da malmala uku ta tuwon masara da miyar kuɓewa tsululu, ba nama, ba kifi, ba daddawa, ya yi hamdala ya ce ya ci ya ƙoshi. A lissafin ciki, na biyun ne ya ci abinci. A lissafin jiki kuwa, na farkon ya fi shi samu nesa ba kusa ba. Tsakanin waɗannan lissafi biyu matsalar cimarmu take, kuma a ganina ta wuce a ce talauci ne kawai, ko da yake talaucin na nan daram a tsakiyarta.

Abu uku jiki ke nema a wurin abinci. Yana neman makamashin da zai yi aiki da shi, wanda yake samu daga sitaci da suga da mai, wato su masara, dawa, gero, shinkafa, acha, dankali, doya, rogo, man gyaɗa da manja. Giram ɗaya na sitaci yana ba da kalori (ma'aunin makamashi) 4, na mai kuwa 9. Yana neman kayan gini, wato furotin, wanda da shi ake ƙera tsoka da jini da fata, ana samunsa a wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi da nama. Sai na ukun, bitamin da ma'adinai irin su sinadarin ƙarfe, kalsiyam, aidin da zink. Waɗannan kaɗan ake buƙata, wasu ma ba su kai ƙwayar gero a yini ba, amma in babu su jini ba ya haɗuwa, ƙashi ba ya ƙwari, ido ba ya gani da dare, garkuwar jiki ba ta tsayawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, na farkon kaɗai ciki ke yi wa ƙugi. In makamashi ya yi ƙasa, nan take mutum zai ji jiri, hannu ya ɗauki rawa, ya tuna cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma babu wanda ya taɓa jin yunwar kalsiyam ko ta sinadarin ƙarfe. Sai an yi watanni ko shekaru kafin ta bayyana, kuma in ta bayyana da wani suna take zuwa: yawan kasala, mura da gudawa da ba sa barin yaro, dundumi, maƙoƙo, haihuwa mai zubar da jini, yaro ya shekara biyar ana yi masa kallon ɗan shekara uku. Masana na kiranta ɓoyayyiyar yunwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna adadin ya kai kashi 40. A binciken 2018 ɗin, kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Ba duka laifin abinci ba ne, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila suna da nasu kason, amma cima na kan gaba. Kuma mafi yawan waɗannan yaran ba da yunwa suke kwana ba, suna cin tuwo kullum.

Garin Jos yana da wani labari a kan wannan da ya shiga littattafan likitanci na duniya, amma mu mazauna garin ba mu cika saninsa ba. Duk wanda ya tashi a nan ya san yara masu lanƙwasassun ƙafafu, wasu ƙafar ta buɗe waje, wasu gwiwoyin su haɗe, abin da muke kira gwame. Mukan ce gado ne, ko a ce an yi saurin tsayar da yaron, ko a jingina abin ga iska. A Turai kuwa an daɗe da sanin wannan laushin ƙashi, kuma an san sanadinsa a can rashin bitamin D ne, wanda fata ke haɗawa in rana ta taɓa ta. To, me zai kawo shi ƙasar da rana ba ta yankewa? Wannan tambaya ce ta sa wasu likitoci a Jos, ƙarƙashin jagorancin Dokta Tom Thacher, suka yi gwaji da yara 123 masu wannan larura, aka buga sakamakon a 1999 a mujallar New England Journal of Medicine. Sun raba yaran gida uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun, har tsawon mako 24. Cikin waɗanda suka samu kalsiyam, kimanin shida cikin goma ƙashinsu ya kama hanyar warkewa sosai. Cikin waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, kimanin biyu cikin goma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan bincike shi ne awon cimar yaran. An tarar kalsiyam da suke samu a yini bai wuce miligiram 200 ba, alhali yaro mai shekara ɗaya zuwa uku yana buƙatar kimanin 500. Kuma har yaran da aka ɗauko don kwatantawa, waɗanda ƙafarsu lafiya lau take, kusan abin da suke samu ke nan. Wato unguwa gaba ɗaya a bakin gaɓa take, wasu ne kawai suka riga faɗawa. Dalilin a bayyane yake: kokon masara da safe, tuwon masara da dare, ba nono ba madara. Masara ba ta da kalsiyam na a zo a gani, kuma dusarta na ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan abin da aka samu ya hana hanji tsotsewa. Daga baya likitocin sun gwada maganin da ba sai an je kantin magani ba, suka niƙa busasshen kifi da ƙashinsa ana zuba wa yara a abinci, kuma ya yi aiki. Duk wannan a garin da Vom take bayan gidansa, inda aka kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi tun 1924, garin da matan Fulani ke shigowa da ƙoren nono kowace safiya, ƙasar da ake noma tamba, wadda a cikin hatsi kaf babu kamarta wajen kalsiyam. Kunun tamba da a da ake damawa a gidaje, yau yara da yawa ba su san ɗanɗanonsa ba.

Wannan ke kai mu ga abin da nake ganin an fi zaluntarsa a maganar abinci, wato girkin iyayenmu. Ba su san sunan furotin ba, amma kusan duk haɗin da suka bar mana akwai hikima a cikinsa. Furotin ɗin hatsi gurgu ne, akwai wani ɓangare da ya rasa, kuma wannan ɓangaren wake ke da shi a wadace. Wake ma yana da nasa giɓin, hatsi ke cike masa, musamman acha. Shi ya sa koko da ƙosai, shinkafa da wake, fura da nono, kunun gyaɗa, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, kowanne in ka duba, biyu ne suka haɗu suka zama cikakke. Jiƙa gero ko dawa a bar shi ya yi tsami kafin a yi kamu yana rage sinadarin nan mai riƙe ma'adinai. Daddawa furotin ce. Garin kuka cike yake da kalsiyam. Ɗan man da ake zubawa a miyar ganye shi ke sa jiki ya iya karɓar bitamin A da ke cikin ganyen, don wannan bitamin sai da maiƙo yake shiga jiki.

A nan Filato babu misalin da ya kai gwate. Ka tsaya kusa da mai dafa shi ka gani. Ta ɗora ruwa da ƙashi mai bargo, ta watsa wake ya fara laushi, ta zuba jajjagen attaruhu da albasa da daddawa, sannan ta kawo acha ko tsakin masara tana barbaɗawa tana juyawa don kada ya yi gudaji. Sai can ƙarshe, wuta ta yi ƙasa, take kifa tulin alayyafo da yakuwa da yankakken gauta, wasu su ƙara kabeji ko dakakkiyar gyaɗa, ta rufe na ɗan lokaci ta sauke ganyen bai mutu ba. A kwano ɗaya an samu hatsi, wake, ganye iri biyu ko uku, maiƙo da romon ƙashi. Tsamin yakuwar ma ba don daɗi kaɗai ba ne, yana taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Mun koyi wannan girki ne daga maƙwabtanmu 'yan asalin tsaunukan nan, ya zama namu gaba ɗaya. Abin baƙin ciki, a gidaje da yawa yau gwate abincin ranar da babu ne, ko na mai jinya. In baƙo ya zo kunyar ba shi ake ji, gara a dafa masa farar shinkafa da miyar tumatir mai iyo da mai, wadda ba ta kai rabin gwaten amfani ba.

Haka abin yake da kayan lambu. Ka je kasuwar Farin Gada da sassafe ka ga yadda ake lodin kabeji, karas, koren wake, koren tattasai, latas da kokwamba zuwa Abuja, Legas da Fatakwal. Da yawa daga kayan nan 'yan'uwanmu masu noman rani ne suka noma su a bakin kogin Dilimi da tsofaffin kududdufan haƙar kuza. Amma ɗan dakon da ya wuni yana saɓa buhun karas, abincin ranarsa burodi ne da lemon kwalba. A tunaninmu karas da kabeji kayan ado ne, na saman shinkafar biki ko ta Sallah. Za ka ji mai gwari na cewa, "Hajiya, a ƙara miki alayyafo, yau da sauƙi," ta ce, "A'a Malam, bar shi, kayan miya kawai aka aiko ni." Kayan miya kuwa a wurinmu tumatir ne da tattasai da attaruhu da albasa, an gama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. A garin da ke ciyar da rabin ƙasa da su, gidaje nawa ne ke kaiwa ko rabin haka?

Ba za a yi wa mutane adalci ba in aka tsallake maganar kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira bayan 'yan makonni, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, har hauhawarsa ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da wani lissafi na mafi ƙarancin kuɗin da babba ɗaya zai kashe ya ci lafiyayyen abinci a yini, kuma a watan Yunin 2024 lissafin ya kai naira 1,241. In ka yi wa gida mai mutum shida wannan lissafi, ya haura naira 220,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne. Magidancin da ya tsinci kansa a nan ba zai rage tuwo ba, don tuwon ne ke hana yara kuka da dare. Miya zai rage. Nama ya fara fita, kifi ya bi shi, ƙwai da madara su zama tarihi, wake ya koma sau ɗaya a mako, a ƙarshe a tsaya a kan masara da garin kuɓewa da dunƙulen magi. Wannan dabara ce ta mai hankali da ke cikin matsi, babu wanda ya isa ya zarge shi. Amma a sani, duk abin da aka zare ɗin nan daga rukunin kayan gini da na bitamin da ma'adinai yake. Ciki bai san an yi asara ba, jini da ƙashi ne suka sani.

Rashin zaman lafiya ya ƙara wa wutar fetur. Mangu, Bokkos da Barkin Ladi su ne rumbun dankalin turawa da masara na jihar nan, kuma su ne suka sha hare-hare a 2023, har da na jajiberin Kirsimeti da ya ci rayuka masu yawa. Manomin da ya gudu ya bar gona, da makiyayin da aka kashe wa shanu ko ya ƙaura da su, duka biyun a kwanon ɗan birni asararsu ke ƙarewa, ɗaya ta fuskar hatsi da dankali, ɗaya ta fuskar nono. Ba banza ba Alƙur'ani ya ambaci ciyarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro a aya guda.

Gwamnati ta yi wani ƙoƙari da ya kamata a yaba. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishiri, kuma duk wanda ya manyanta ya san maƙoƙo ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da da. A 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a suga da man girki da fulawa da garin masara na kamfani, shi ne tambarin ido da ake gani a jikin leda. Sai dai talaka masararsa a mudu yake aunowa ya kai inji, mansa kuma na ɗure ne a kwalba, wanda ya wuni a rana a kan tebur. Tsarin ya fi isa ga mai hali, wanda bai cika buƙatarsa ba.

Duk da haka akwai abin da ke hannunmu, kuma a nan ne nake ganin muna da gyara. Na farko rabon cikin gida. An ce tuwon girma miyarsa nama, mun kuwa riƙe wannan magana da gaske: in tsoka uku ce a tukunya, kwanon maigida za ta. Alhali wanda ya fi kowa buƙatarta a gidan shi ne mai ciki, mai shayarwa, da yaron da ke tsakanin wata shida da shekara biyu. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu kwana dubu ne, a cikinsu ake gina ƙwaƙwalwa da tsawo, kuma abin da aka rasa a nan da wuya a mayar da shi daga baya ko an samu wadata. Cikin irin wannan yaro bai fi ƙaramin kofin shayi ba. In aka cika shi da koko tsararo, ruwa aka ba shi. Amma a niƙa hatsi awo 6 da waken suya awo 3 da gyaɗa awo 1, bayan an soya su sama-sama, irin garin kunun da ma'aikatan lafiya ke koyarwa, a dama da kauri, a ɗan sa garin kifi ko ɗigon manja, yaro ya samu abinci na gaske da kuɗin da bai kai na biskit da alewar da ake saya masa kullum ba. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Akwai inda ake hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata, a garin da gonakin kajinsa ke aika ƙwai jihohi da dama.

Wasu gyare-gyaren ko sisi ba sa ci. Sanyin Jos ya sa mu shan shayi ba dare ba rana, kuma ganyen shayi yana hana jiki karɓar sinadarin ƙarfe in an sha shi tare da abinci. Mai ciki ko mai ƙarancin jini ta ba da tazarar awa guda, ta maye gurbinsa da lemon zaƙi ko gwaba ko ɗanyen tumatir a kan abincin. Kanwar da ake zabga wa wake da ganye don su yi saurin nuna tana kashe wasu bitamin, jiƙa waken tun dare ya fi. Ganyen da aka tafasa aka zubar da ruwansa, an zubar da rabin amfaninsa. Madarar leda da mai shayi ke zubawa kuma a riƙa karanta jikinta, da yawa an cire man nonon an sa man itace, wasu ma farin gari ne kawai mai sa shayi kauri.

Masu hali ba su tsira ba, tasu cutar ce ta sha bamban. In kuɗi ya shigo gida, abin da ke ƙaruwa shi ne farar shinkafa, fulawa, soye-soye, taliyar leda, lemon kwalba. Ganye ba ya ƙaruwa. Kwalbar lemo mai rabin lita, da yawa daga cikinsu na ɗauke da kusan giram 50 na suga, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya sha a yini gaba ɗaya. Gishiri kuwa ƙasa da giram 5 ta ce, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga shi ana jefa biyar ko shida a tukunya sannan a ƙara gishirin. Daga nan hawan jini da ciwon suga ke samun ƙofa. Za ka tarar da gida ɗaya, uwa na fama da ƙiba da ƙarancin jini lokaci guda, ɗanta kuma ya tsumbure. Sai likita ya ɗaure mutum sannan ya koma neman acha da tsada, yana ci ba awo wai ai magani ce, alhali ita ma sitaci ce, yawanta na ɗaga suga. Hadisin nan da ya raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, kowa ya haddace shi, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Akwai wani kuskure a yadda ake isar da wannan ilimi, kuma shi ya fi damuna. Duk bayanin abinci mai gina jiki a wurin awon ciki da rigakafi ake yin sa, mata zalla a kan benci, ma'aikaciya na ɗaga hoton ƙwai da kifi da ganye tana cewa, "Maman yara, ku riƙa ba su waɗannan." Matar ta ji, ta yarda, ta koma gida. Amma a mafi yawan gidajen Hausawan Jos ba ita ke cefane ba. Maigida ne ke biyawa kasuwa ya auno, ko ya ajiye kuɗin da shi ya yanke adadinsu, kuma shi ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa naira ɗari biyun da zai ba yaro ya sayi lemo, in ya sayi awara ko ƙuli-ƙuli ko ƙullin ƙananan kifi da ita, ya yi wa ƙashin yaron aiki. A wurinsa in buhun masara na ɗaki ya sauke nauyi. Wannan bayani majalisar maza ya kamata ya je, da teburin mai shayi, da tashar 'yan Keke, da karatun tsakanin Magariba da Isha'i, da shirye-shiryen Hausa na gidajen rediyon garin nan a lokacin da maza ke saurare. Limamin da ke karanta wa ango haƙƙin ciyarwa ranar ɗaurin aure, ya ƙara masa da cewa ciyarwar ta haɗa da wake da ganye da nono, kuma in matarsa ta samu ciki, kwanonta ne ya kamata a fara sa wa nama.